Yadda Za Ka Yi Yini Guda a Daɗin Kowa Ka Dawo da Kaya da Labari

Yawancin masu cewa sun je Daɗin Kowa, in ka matsa musu da tambaya, za ka tarar dam kawai suka je. Sun bar Gombe da hantsi, sun tsaya bakin ruwa, sun ɗauki hoto, rana ta gasa su, sun juyo. Ni ma haka na yi a zuwana na farko, na dawo ina cewa ai ba wani abin kallo sai ruwa da duwatsu. Sai da wani abokin aikina ɗan garin ya ja ni gonar mahaifinsa da sassafe, cikin sanyin Janairu, sannan na gane cewa ƙofar gida na leƙa na ce na ga ɗaki. Garin na manoma ne, kuma duk wanda yake so ya more shi sai ya bi agogon manoma, ba nasa ba.

Daɗin Kowar da nake nufi ba unguwar nan ta Jos ba ce. Wadda take cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba ce a jihar Gombe, a bakin kogin Gongola, kimanin kilomita 37 gabas da garin Gombe a kan hanyar Biu.

Fara da zaɓen lokaci

Wannan shi ne matakin da in ka kuskure shi, sauran duk ba za su yi armashi ba. Ka je tsakanin Disamba da Fabrairu. A lokacin ne noman rani yake kan ganiyarsa: ko'ina a ƙasar ya bushe ya yi fari, ciyawa ta zama kara, amma da ka gangara wajen kogi sai ka ga kore shar kamar wata ƙasa aka ɗauko aka dasa. Ga sanyin hunturu da zai bar ka ka yi yawo da ƙafa har hantsi ba tare da ka galabaita ba. Tumatir da albasa da tattasai kuma sun fara fitowa da yawa, farashi ya sauko.

Maris zuwa Mayu lokacin mangwaro ne da kankana, amma zafin kwarin Gongola a bazara ba na wasa ba ne. In a lokacin za ka je, to ka gama duk abin da za ka yi a waje kafin ƙarfe 11. Oktoba da Nuwamba, wato kaka, suna da nasu daɗin, domin za ka tarar ana yankan shinkafar damina ana bugu, ga sabuwar masara da gyaɗa da wake. Tsakiyar damina, musamman Agusta da Satumba, ban ba ka shawara ba. Hanyoyin gona sun zama taɓo, sauro ya yi yawa, in dam ya cika kuma akan saki ruwa, kogi ya tumbatsa ya hau gonakin da ke ƙasa. A irin wannan lokaci manomi yana ta kansa, ba shi da sukunin tarbar baƙo.

Nemi wanda zai tarbe ka

Baƙon da ba shi da ɗan gari, ko da idonsa biyu, makaho ne. Kafin ka ɗaura niyya, ka nemi wani da zai karɓe ka: abokin karatu, maƙwabci, mai kayan miyar da kake saye a wurinsa a kasuwar Gombe, ko ɗalibin kwalejin da ke garin. Da wuya ka tambayi mutum biyar a Gombe ba ka sami mai ɗan'uwa a Daɗin Kowa ko Hinna ko Kwadon ba.

Ka kira shi kwana biyu ko uku kafin zuwa, ka tambaye shi abu uku. Wace rana ake ban ruwa ko tsinkar tumatir a gonarsu? Wace rana kasuwa take ci? Sannan yaya hanya take a 'yan kwanakin nan? In ranar kasuwa da ranar tsinka suka haɗu, ka dace. Kuma kada ka je hannu rabbana. Goro ga tsofaffi, burodi da sukari da ganyen shayi ga gida, alewa ga yara. Ba tsadar abin ake dubawa ba.

In kuwa ku ƙungiya ne, ɗaliban makaranta ko 'yan wata majalisa da za ku cika bas, to ku rubuta takarda tun da wuri zuwa ga masu kula da dam ɗin. Yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, mai hedikwata a Yola. Ku kuma sa mai masaukinku ya kai ku ku gai da mai unguwa. Gaisuwar minti goma ce, amma ita za ta sa a daina yi muku kallon "su wane ne waɗannan".

Kayan da za ka ɗauka

Takalmi rufaffe wanda ba ka jin ƙyashin ya ɓaci, hular malafa, ruwan sha mai yawa, tsofaffin buhuna biyu, da bokiti mai murfi ko kula in kana da niyyar sayen ɗanyen kifi. Farar shadda ka bar ta a gida. Kuɗi kuma ka riƙe a hannu, ƙananan takardu. Akwai masu POS a cikin gari, amma a bakin gona ba wanda zai tsaya jiran sabis ya dawo don kwanon kuɓewa.

Hanya

Ka yi sallar asuba a Gombe, ka fita da gari ya fara wayewa. In motar haya za ka bi, ka ce motar Daɗin Kowa kake nema, kowa zai nuna maka. In taka ce, ka ɗauki hanyar Biu, ka wuce Liji, ka wuce Kwadon. Tafiyar ba ta kai awa guda ba in hanya ta yi kyau, sai dai ka yi hattara da manyan motoci da masu babur da suka ɗauro kwandunan tumatir gaba da baya. Kwadon kada ka tsaya yanzu. Ka dai lura da inda ake tara buhunan albasa a bakin titi, za mu dawo kanta.

Gona tukuna, kafin komai

Da ka sauka kun gaisa da mutanen gida, kada ka yarda a zaunar da kai a zaure ana jiran a dama kunu har rana ta take. Ka ce a kai ka gona, kunun ya same ku a can. Abin da ya kawo ka yana faruwa ne tsakanin ƙarfe 7 da 10.

Kafin ka ga gonar za ka ji ta: ƙarar injinan ban ruwa daga nesa, wannan yana amsa wa wancan. Wasu gonakin daga kanal ɗin da ya taso daga dam suke sha, wasu kuma injin ne yake zuƙo ruwa daga kogi ko rijiyar da aka haƙa a fadama, ya turo shi cikin tiyo. Ka tsaya ka kalli yadda mai ban ruwa yake aikinsa, domin ni a ganina ya fi dam ɗin kansa ban sha'awa. An yanka gonar fangali-fangali, kowane da ɗan kunyarsa kewaye. Yana tsaye ƙafa ba takalmi, wando a naɗe, fartanya a hannu. Sara ɗaya ya buɗe bakin fangali, ruwa ya kwarara ciki. Kafin ya cika ya riga ya sa ido a kan na gaba. Da ya kai inda yake so, ya ɗebo laka ya toshe, ya buɗe wancan. Ba ma'auni, ba agogo, ido ne kawai. Na roƙi dattijon ya ba ni fartanyar in gwada, ban yi minti biyar ba na fasa kunya, ruwa ya tsere cikin albasar da aka shayar jiya. Dariya ya yi ya ce, "Ɗana, ruwa ba a yi masa tsawa, lallashinsa ake yi." Ya karɓi abarsa.

Ga ladubban shiga gonar mutane. Ka yi sallama daga nesa, ka ce, "Sannunku da aiki, Baba. Allah ya ba da albarka." Ka taka kan kunya, kada ka taka cikin shuka. Kada ka tsinki komai sai an ce ka tsinka, kuma za a ce. Kada ka ɗaga waya ka fara ɗaukar mata masu dashe ko masu tsinka ba ka nemi izini ba. In ka ga mutum da tankin feshi a bayansa, ka koma ta inda iska take fitowa, kuma duk abin da aka ba ka a gonar ka wanke kafin ka kai baki.

Hausa za ta kai ka ko'ina a garin, amma ka sani ƙasar Tera ce, waɗanda suke kiran kansu Nyimatli, ga Fulani, ga sauran ƙabilun da ruwa da noma suka tara. In ka ji ana Fulatanci ka jefa "Jam waali" da safe, ko "Useko" in an yi maka alheri, za ka ga fuska ta sake. Ka sa mai masaukinka ya koya maka gaisuwar Teranci ko da guda ɗaya ce. Za a yi maka dariyar yadda ka faɗe ta, kuma wannan dariyar ita ce za ta buɗe hira.

Hirar kuma kada ka ɓata ta da tambayar "nawa kuke samu". Ba wanda zai faɗa maka gaskiya, kai ma ba za ka faɗi albashinka ba. Ka tambayi abin da yake hannunsa. Wane iri ne wannan? Kwana nawa shinkafa take yi a gadon reno kafin a cire ta a dasa? Zai ce maka wajen mako uku, ya kuma nuna maka bambancin wadda aka dasa a kan kari da wadda ta tsufa a reno. Ka tambaye shi tsutsar tumatir da manoma suke kira sharon, wadda ta yi wa Arewa mummunar ɓarna a 2016 har kayan miya suka gagari talaka. Zai juya maka ganye ya nuna maka farin zanen da take bari in ta shiga tsakanin fatar ganyen tana ci. Ka tambayi tsadar man inji da takin zamani, nan ne za ka ji ainihin abin da ke hana manomin rani barci. In shinkafa ta fara fitar da kai, za ka ga igiyoyi an ja su a kan gona an rataya gwangwanaye da tsummoki, yara suna ja suna ihu. Tsuntsayen jan-baki ake kora, waɗanda in garkensu ya sauka a gona da safe, kafin azahar sai dai mai ita ya yi salati.

Gargaɗi ɗaya da ba na so ka ɗauka da wasa: kada ka shiga ruwan kanal ko kududdufi, ko da ka ga yaran gari suna ninƙaya. Irin wannan ruwa mai tafiya a hankali shi ne gidan ƙananan dodon-koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ta fata take shiga, ba sai ka sha ba, kuma sai bayan makonni mutum ya fara ganin jini a fitsari. Tana da magani a asibiti, amma me ya kai ka.

Da rana ta ɗaga, nemi inuwa

Wajen ƙarfe 10 ka bar fili ka koma lambu. A garin ne Kwalejin Tarayya ta Koyon Noman Lambu take, wadda aka kafa a 2002, kuma zamanta a nan ya sa sana'ar renon itatuwa ta zauna da gindinta. In kana da wanda ka sani a ciki, ya shiga da kai. In babu, masu sayar da dashe sun ishe ka. Abin da za ka nema shi ne mangwaro ko lemo mai aure, wato wanda aka yanko reshen iri mai kyau aka haɗa da gindin na gida. Ka duba wurin haɗin da kyau: ya warke ya zama ɗan gwiwa, ba sabon ɗauri ba, kuma sabon ganye yana fitowa daga sama da shi. Mai aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai ka daɗe kana jira, kuma ba lallai ya yi zaƙin uwarsa ba. Ka biya ka bar su a inuwa, sai za ka tafi ka ɗauka.

Daga nan sai azahar da abinci. In a gidan mai masauki ne, abin da aka kawo shi za ka ci, kada ka ce ka ƙoshi. Galibi tuwon shinkafa ne ko na masara da miyar kuɓewa ɗanya ko ta kuka, an jefa bandar kifi a ciki. Ka kwanta ka huta har la'asar. Kowa ma abin da yake yi ke nan.

Yanzu ka je dam

Yana kimanin kilomita 5 arewa da gari, ɗan acaɓa zai kai ka. Gwamnatin tarayya ce ta kammala shi a 1984, ta tare kogin Gongola, wanda ya taso daga tsaunukan Filato, ya ratso Bauchi da Gombe, ya je ya faɗa Binuwai a Numan. Daga wannan ruwa ake tace wanda garin Gombe yake sha, akwai kuma tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40 a jikinsa. Saboda haka wuri ne mai tsaro. Ka tsaya a ƙofa, ka gai da ma'aikata, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka tambayi inda aka yarda a taka da inda aka yarda a ɗauki hoto. In an ce nan ne iyaka, to nan ne.

Da yamma ruwan yake kyau, in rana ta karkata ƙurar hunturu ta mayar da ita ja. Ka sa a nuna maka Dutsen Bima. Ba ƙaramin dutse ba ne a tarihin ƙasar nan, domin tun ƙarni na 19 ake danganta shi da labarin bayyanar Mahadi, kuma a wannan yanki na Gongola ne, can sama wajen Bajoga, garin Burmi yake, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903 yana kan hanyar hijira zuwa gabas. In ka dace da dattijo mai son labari, ka bar shi ya yi, kada ka katse shi da abin da ka karanta.

Sannan ka gangara wajen masunta. Za ka tarar wasu suna ɗinkin raga, wasu suna gyaran mamari, wato doguwar igiyar kamun kifi, ƙugiya bayan ƙugiya, mata suna juya kifi a kan wayar banda, hayaƙi yana shiga ido. Karfasa da tarwaɗa ne suka fi yawa, ga ƙurungu da ragon ruwa, in an yi sa'a har giwar ruwa. Ɗanyen kifi mai kyau da safe ake samunsa, lokacin da jirage suke dawowa, don haka in shi ne muradinka sai ka kwana. In ka samu da yamma, ka ɗaga murfin kunnensa: ja jawur ne, ka saya, ya yi fari ko ruwan ƙasa, ka wuce. Banda kuwa ka karya guda ka duba. Mai kyau ya bushe ƙayau har ciki, ba danshi, ba gari yana zuba, ba warin wani magani.

Za a yi maka tayin shiga kwale-kwale. Ni ba na hana mutum, amma da sharaɗi: da rigar ruwa, ba lodi ya wuce kima, ba bayan magariba ba, kuma da matuƙin da mai masaukinka ya sani. Akwai dorina a wannan ruwa. Manoman Hinna da kewaye sun sha kokawa kan yadda take fitowa da dare ta cinye musu shinkafa, kuma mai 'ya'ya ba ta da wasa ko kaɗan. In masunci ya ce kada a bi ta can, kada ka ce kana son hoto.

Sayayya, inda baƙo yake shan kashi

Da gangan na bar wannan a ƙarshe, domin kayan gwari ba sa son jira. Kuskuren da na yi a zuwana na biyu ke nan: na sayi kwandon tumatir tun ƙarfe 9 na safe don na ga araha, na kulle shi a but ɗin mota, na tafi yawona. Da na iso Gombe da daddare na buɗe, rabi ya riga ya zama miya, ruwansa ya jiƙa tabarmar motar, mako guda ina fama da tsami. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, ai da ka ƙarasa ka sa gishiri a can."

To, ka sayi tumatir daf da tafiya, kuma ka zaɓi wanda bai gama nuna ba, mai ɗan ruwan ɗorawa, mai tauri in ka matsa. Kwando kuma a ko'ina cikin ƙasar nan fuska gare shi: manya a sama, ƙanana da fasassu a ƙasa. Ba zagi ba ne ka ce, "Malam, a juye mini in gani." In ya ƙi, ka gane. Hanyar da ta fi ita ce ka saya a gonar da ka je da safe, a tsinka a gabanka. Ka bar mai masaukinka ya yi ciniki, kai ka yi shiru, domin da ka buɗe baki an san daga birni kake. Amma in an faɗi kuɗin da kai kanka ka san ya yi ƙasa da na Gombe nesa, kada ka tsaya ja-in-ja a kan 'yan canji da mutumin da ka gani tsaye cikin laka tun asuba. In akwai dillali a tsakani, ka tambaya tun farko wa zai biya la'ada, kai ko mai kaya.

Shinkafa iri biyu za a nuna maka: shanshera, wadda ba a cire wa ƙaiƙayi ba, da gyararriya wadda aka turara aka busar aka kai inji. In ta ci ce, gyararriya za ka saya. Ka zura hannu har tsakiyar buhu ka ɗebo, ka baza a tafin hannu ka duba tsakuwa da karyayyu, ka ciji ƙwaya guda. In ta yi ƙaras, ta bushe. In ta lanƙwashe a haƙori, da sauran danshi, za ta yi fumfuna a ɗaki. Ka kuma tabbatar da wane kwano ake awo kafin a fara ƙirga, don tiya tiya ce a baki, amma ba duka girmansu ɗaya ba.

Albasa ka bar ta sai Kwadon a kan hanyar dawowa. Ka zaɓi mai busasshen wuya, mai ɓawo yana ƙara in ka taɓa. Wadda wuyanta yake da kauri da laushi ba ta ajiyuwa, ta mako ɗaya ce.

Wajen lodi, buhunan shinkafa da albasa a ƙasa, tumatir da tattasai a sama inda iska take shiga, kifi a bokitinsa nesa da kankana, dashen itatuwa kuma a tsaye a ƙasan kujerar baya inda iskar gudu ba za ta ƙona musu ganye ba.

Komawa

Ka yi sallama da wuri, ka kama hanya da sauran haske, musamman da yake za ka tsaya Kwadon. Za a cusa maka tsaraba, wataƙila damin rake ko ƙullin kuɓewa busasshiya. Kada ka ciro kuɗi ka ce za ka biya, za ka ɓata abin. In kana so ka yi wani abu, ka damƙa wa yaran da suka yi maka dako, ko ka riƙe a ranka sai ranar da ɗan gidan ya shigo Gombe neman asibiti ko takardar makaranta.

Da ka isa gida ka kira ka ce ka sauka lafiya, a gai da Baba da Inna. Sannan, kafin ka kwanta, ka juye tumatirin a kan tabarma ka ware fasassun na miyar gobe, ka rataye bandar inda kyanwa ba za ta kai ba, ka yayyafa wa dashen ruwa ka ajiye su a inuwa kwana uku zuwa huɗu su huce gajiyar hanya kafin ka haƙa musu rami.